Hoton da Ke Cikin Wayar Haladu

Wata rana, a wani ƙauye da ke bayan Tasawa, can ƙetaren iyaka, wani mutum mai suna Haladu ya miƙa wa taubashinsa waya, ya ce ya ɗauke shi hoto da mahaifiyarsa.

Ƙaramin abu ne. Kullum ana yi.

Amma sai kun san mahaifiyar kafin ku san nauyin wayar da ya miƙa.

Inna Yalwa irin matan da ce. Haladu ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. In tana nemansa, sai ta ce, "Ku ce wa wancan ya zo."

In ya shigo gaishe ta, takan kau da kai ta amsa a taƙaice, kamar mai amsa wa baƙon da ya yi ɓatan hanya.

In ta yi dambun da ta san yana so, ƙanwarsa Ladidi take ba wa ta kai masa, ta ce a gaya masa ragowa ce.

Ba ƙiyayya ba ce. Kunyar ɗan fari ce. Duk wanda ya tashi a irin gidajen nan ya san bambancin.

Ƙannensa kowa na da hoto da ita: na suna, na biki, na Sallah. Shi kuwa ga furfura ta fara leƙo masa a gemu, ba shi da ko ɗaya. Da ta ga an ɗaga waya yana kusa, sai ta ja mayafi, ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Sai aka yi biki a ƙauyen da aka haife ta. Dangi suka cika mota daga Katsina.

Ranar komawa, an gama ɗaure kaya, aka nemi Inna aka rasa. Haladu ya same ta a ƙofar gidan mahaifinta. Zauren ya rufta, sai ƙyauren kawai da ya ƙi faɗuwa. Tana tsaye ta dafa shi, hantsi ya sauka a fuskarta.

Ya tsaya daga nesa, kamar yadda ya saba.

Ba ta dube shi ba. Ƙyauren ta yi wa magana.

"In mutum yana son hoton nan nasa, ya zo a yi kafin in sake shawara."

Haladu ya laluba aljihu, ya ciro waya. Ya waiga, wanda ya fi kusa shi ne Tasi'u, ɗan Kawu Ilu ƙanen Inna. Dillalin motoci ne, mai baki kamar rediyon tasha. Kuma taubashi: shi ɗan namiji, Haladu ɗan mace, don haka tun suna yara ba ya kiransa da komai sai "bawana".

Tasi'u ya karɓi wayar yana dariya.

"A'a! Bawana, yau aka 'yanta ka? Matsa mana, Gwaggo ba ta cizo. Gwaggo, ɗan murmushi, ai ba gaban alƙali kike ba."

Dariya ta ƙwace wa Inna. Ta kai hannu za ta rufe baki, kafaɗarta ta taɓa ta ɗanta.

Haladu ya ji taɓawar nan har tafin ƙafarsa.

"Na ɗauka," in ji Tasi'u. "Na ƙara. Har da na ajiya."

Direba na ta danna oda. Haladu ya jefa wayar a aljihu, suka shiga mota.

Bai duba ba sai da suka tsallako iyaka.

Hoton farko: fuskar Tasi'u, ya zaro harshe.

Na biyu: Tasi'u ya kanne ido ɗaya.

Na uku: hancin Tasi'u, ya cika allo.

Ashe juya kyamarar ya yi, ya yi ta ɗaukar kansa.

Wayar ta zagaya mota, aka yi ta dariya har da masu share hawaye. Tasi'u ya bugi kafaɗarsa.

"Haba bawana, hoton ubangidanka fa ka samu kyauta! In mun isa gida na ɗauke ku ɗari."

Inna kuwa ta kau da kai. Tana kallon gonaki ta taga.

Da aka isa gida, ƙofar da ta buɗe ta koma ta rufe. Haladu ya aika Ladidi ta roƙa masa a sake. Inna ta ce, "Ai an yi."

Kafin damina ta zagayo, Inna Yalwa ta rasu.

Tasi'u ya yi kuka a wurin makoki, kukan gaskiya, don yana son gwaggonsa. Maganar hoto kuwa bai ko tuna ba.

In maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

Ga kuma inda gizo ke saƙa: ba a fushi da taubashi. In ka kai ƙararsa, kai za a yi wa dariya, a ce ba ka san wasa ba. Laifin da aka yi wa Haladu laifi ne da ba shi da alƙali.

Sai ya yi shiru.

Ya koma shagonsa na yadika a kasuwa, ya sayi waya mai kyau, ya fara koyon ɗaukar hoto kamar mai shirin jarrabawa.

Ya fara da abin da kowa ke rainawa: goge idon kyamara da bakin riga. Rabin masu cewa "wayata ba ta ɗaukar hoto", maiƙon yatsunsu ne ke damunsu.

Ya gane rana tsaka maƙiyiyar fuska ce. Tana zuba inuwa a ramin ido, ta mai da saurayi tsoho, tsoho kuma majinyaci. Hantsi da la'asar sakaliya su ne abokan matafiyi.

Ya koyi ba wa rana baya, domin haske ya sauka a kan wanda ake ɗauka.

Ya koyi durƙusawa. Ya koyi takawa da ƙafa ya matso, maimakon jawo hoto da yatsa har ya dagule.

Ya koyi duba bayan mutum kafin fuskarsa, kada turken lantarki ya tsiro masa a tsakar ka.

In saro kaya ya kai shi wani gari, ba ya ɗaga waya a kan mai rake ko mai tallar fura haka kawai. Sai ya yi sallama, ya nemi izini, ya ɗan ja hira har mutum ya manta da shi. A wannan mantuwar hoto yake.

Amma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne gefunan hoto. Ya fahimci abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba: mai ɗauka shi ke yanke hukuncin wa ya halarci wuri, wa bai halarta ba.

Shekaru suka shuɗe. Dangi suka saba. Duk tafiyar da za a yi, sai an ce, "A tabbata Haladu yana ciki." Ƙa'idarsa ɗaya ce, kowa ya haddace ta: ba ya nuna hoto a waya, sai an wanke.

Ana nan, kasuwa ta yi wa Tasi'u kyau, ya yi niyyar yi wa mahaifinsa abin da zai tuna.

Kawu Ilu ya yi aikin reluwe a Nguru yana saurayi, can inda layin dogo ya ƙare. Kullum zancensa ke nan, amma tun da ya baro bai koma ba. Mutum ne mai tsauri. Bai taɓa ce wa ɗansa "ka kyauta" ba. In Tasi'u ya kawo masa buhun shinkafa, sai ya tambayi ina mai.

Tasi'u ya ɗauki hayar mota don a kai shi Nguru, ya tura saƙon murya a zauren dangi na waya:

"Kowa ya bar wayarsa a aljihu, kada a ɓata mana tarihi da hotuna masu kama da hayaƙi. Bawana yana nan, aikinsa ke nan."

Haladu ya amsa da kalma biyu: "An gama."

A tafiyar nan ba a taɓa ganin bawa mai ladabi irinsa ba.

Tasi'u ya ɗinka shaddoji sababbi, ga hula, ga tabarau. Duk inda aka tsaya, shi ne kan gaba.

"Bawana, ɗauke mu a nan!"

"To, ranka ya daɗe. Ɗan matsa hagu. Ƙara kaɗan. Yawwa, nan ne daidai kai. Kada ka motsa."

Tasi'u kuwa sai ya ƙame, ya gyara wuyan riga, ya saki murmushin dillalai.

Haka aka yi a bakin ruwa. Haka aka yi a kasuwar kifi. Haka aka yi a gidan wani tsoho da suka yi aiki tare da Kawu, wanda suka rungume juna suna kiran sunayen matattu.

Safiyar da za a juyo, mata na haɗa kaya, su uku suka tafi tsohuwar tashar jirgin ƙasa: Kawu, Tasi'u da Haladu.

Kawu ya ajiye sandarsa, ya bi layin dogo da ƙafarsa. Yana nuna inda ake loda gyaɗa, inda ake jibge fatu, inda ya taɓa kwana a kan buhu yana jiran jirgin da ya makara. Muryarsa ta koma ta saurayi.

Da ya kai ƙarƙashin tsohon allon da aka rubuta sunan garin, sai ya tsaya.

"Tasi'u. Zo nan."

Ya zo.

Tsohon ya ɗora masa hannu a kafaɗa, ya daɗe yana dubansa.

"Ka kawo ni. Allah ya sa naka su kai ka inda ranka ke so."

Tasi'u ya sunkuyar da kai. Ya cire tabarau. Idonsa ya cika.

Haladu ya riga ya durƙusa, rana na bayansa.

Ya danna sau ɗaya. Ya miƙe, ya kaɗe gwiwa.

A hanyar komawa masauki Tasi'u ya share fuska, bakinsa ya dawo.

"Ya fito kuwa? Mu gani."

"Ka san ƙa'ida. Sai an wanke."

"Kai dai bawa da iyayi!"

Bai sake tambaya ba. Suka shiga mota.

Ba a daɗe da dawowa ba, Kawu Ilu ya faɗi a wurin alwala. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta koma gurnani. Mutumin da ya taka layin dogo ba sanda, yanzu sai an juya shi a shimfiɗa.

Wani zai ce a nan ne zuciyar Haladu ta yi sanyi.

Ya je dubiya kullum. Ya yi jigilar asibiti. Ya yi wa kawunsa duk abin da ɗa ke yi.

Amma bai sauya ko hoto ɗaya a cikin waɗanda ya kai wanki ba.

Ranar Juma'a, dangi sun taru a tsakar gidan Kawu, ya kawo albam.

Aka buɗe.

Ga Kawu a bakin ruwa, ya kare ido da tafin hannu, tsuntsaye na tashi a bayansa. Ga mata suna cinikin busasshen kifi, kamar ka ji muryarsu. Ga tsofaffin nan biyu a rungume, kowane tamoji na fuskarsu ya fito. Ga Kawu shi kaɗai a kan layin dogo, babbar rigarsa ta ɗauki iska.

Ana ta salati, ana sa wa Haladu albarka.

Tasi'u ya karɓa, ya fara buɗawa a hankali. Sannan da sauri. Sannan ya koma farko.

A wani hoton akwai gwiwar hannunsa.

A wani, gefen shaddarsa.

A kasuwar kifi, inuwarsa ce a ƙasa, da hula da komai.

Ƙanwar Tasi'u ta leƙo ta kafaɗarsa. "Yaya, wannan ba kunnenka ba ne?"

Gida ya kece da dariya. Wata gwaggo ta tafa hannu. "Yau bawa ya yi wa ubangida juyin mulki!"

Tasi'u ma ya yi dariya. Dole ya yi. Shi ne sarkin wasa, in ya ɓata rai wa zai saurare shi?

Da Haladu ya yi sallama ya fita, Tasi'u ya biyo shi har zaure.

Bai ce "bawana" ba.

"Haladu. Na tasha. Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?"

"Na ɗauka."

Ya ciro waya, ya buɗe, ya juya masa allon.

Ga su nan su biyu, cif, ba abin da ya yanke. Hannun uba a kafaɗar ɗa. Hantsi a fuskar tsohon, fuskar da yanzu babu ita. Bakinsa a buɗe kaɗan, addu'ar ba ta gama fita ba. Ɗigon hawaye ɗaya a kumatun Tasi'u, haske ya kama shi.

Haladu bai taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba.

Tasi'u ya miƙa hannu. Haladu ya janye wayar.

"Tura mini, don Allah."

"Ranar da ka kawo mini nawa, zan ba ka naka."

Tasi'u ya tsaya yana dubansa. Sai da ya yi laluben shekaru a kansa kafin ya gane wane "nawa" ake nufi. Da ya gane, ya jingina da bango.

Haladu ya sa takalmansa ya tafi.

Magana ta kai ga manya. Aka kira Haladu. Ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya saurari nasiha har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ban san manya na shiga tsakanin taubasai ba. In an fara yau, a fara daga farko."

Manyan suka dubi juna. Rabin masu nasihar suna cikin motar nan ta Tasawa, kuma sun yi dariya.

Ladidi ta same shi a gida tana kuka.

"Yaya, Inna da tana raye ba za ta so haka ba."

"Da tana raye, Ladidi, da na je na sake roƙonta."

Tasi'u bai zauna ba. Ya nemo hoton Inna na bikin Ladidi, ya nemo na Haladu, ya kai wa masu haɗa hoto a kwamfuta. Suka jera su kafaɗa da kafaɗa, suka sa bangon ƙasa a baya. Ya sa a firam mai ruwan zinari, ya kawo shago da hannu biyu.

Haladu ya karɓa, ya duba da kyau, kamar yadda yake duba yadi.

"Ka yi ƙoƙari. Amma duba nan. Haskenta daga dama ya zo, nawa daga hagu. Ba rana ɗaya ce ta haska mu ba."

Ya mayar masa.

Har yanzu bai goge hoton tasha ba. Bai kuma tura ba.

Abin da ake yi yanzu shi ne wannan: in kewar fuskar mahaifinsa ta da ta ishi Tasi'u, yakan rufe wurin motocinsa ya zo shagon yadika. Ya yi sallama a hankali. Ya zauna a benci. Ba ya tsokanar kowa.

Haladu yakan gama da mai ciniki tukuna. Ya naɗe yadi, ya mayar da shi kan kanta. Sannan ya ciro waya, ya buɗe hoton, ya riƙe ta a hannunsa, ya juya masa.

Tasi'u ya kalla.

Ya yi ta kallo, har hasken allon ya dushe, ya mutu da kansa.

Haladu ba ya sake kunnawa.

Darasi:

In kana tafiya, ka goge kyamararka, ka ba wa rana baya, ka guji tsakar rana, ka duba gefunan hotonka. Waɗannan duk ana koyonsu a mako guda.

Wanda ba a koya sai an ƙone shi ne wannan: kada ka bar wuri ba ka duba hoton ba. Direba ya yi ta oda. Garin yana nan, ƙyauren ma wataƙila yana nan, amma mutumin da ke tsaye kusa da kai ba lallai ya sake tsayawa ba.

In kuma kai aka miƙa wa waya, ka sani amana aka miƙa maka. Ba ka san shekara nawa mutum ya yi yana jiran wannan tsayuwar ba. Wasa yana da lokacinsa, kuma mai yin shiru ba yafewa ya yi ba. Wani lokacin koyo yake yi.

Ko Haladu ya yi daidai? Wannan ku za ku faɗa a ƙasa, na san za ku rabu gida biyu.

Ku tura wa wanda kuke miƙa wa waya in kun yi tafiya. Musamman in taubashinku ne.